Karan Ɗorin Babban Yatsa: Yadda Asibiti Ke Ceton Hannun Mai Sana'a

DUK wanda yake so ya san darajar babban yatsansa, to, ya lanƙwasa shi a cikin tafin hannu, ya ɗaure da tsumma, sa'an nan ya gwada yin ayyukan da ya saba tun daga asuba har hantsi. Zai tarar ɗaukar buta ta zama aiki, saka maɓallin riga ya zama aiki, jan carbi ya gagara, alƙalami kuwa ba zai tsaya masa ba ko kusa. In tela ne ba zai iya zura zare a kafar allura ba, in manomi ne ƙotar fartanya za ta riƙa kuɓuce masa, in kuwa uwargida ce, ko tsince tsakuwa daga cikin shinkafa sai ya buwaye ta.

Likitocin da ke auna yawan nakasa sun ƙiyasta cewa babban yatsa shi kaɗai yana ɗauke da kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu baki ɗaya. Watau ke nan mutumin da yatsan nan ya lalace masa ya yi asarar abin da ya kusa rabin hannunsa, ko da sauran yatsun huɗu suna nan lafiya lau. Ga wanda ke cin abinci da guminsa, wannan asara ta shafi tukunyar gidansa kai tsaye.

Saboda haka ne a manyan asibitoci ake da ma'aikatan da suka ƙware wajen gyaran hannu, wasunsu daga sashen gashi da motsa gaɓoɓi, wasu kuma daga sashen koya wa majiyyaci komawa ga ayyukansa na yau da kullum. Ɗaya daga cikin muhimman ayyukansu shi ne ƙera wa babban yatsa wani ɗan abu da zai riƙe shi har ya warke. Ko da yake babu kara a jikinsa, sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne karan ɗori, domin aikinsu ɗaya da wanda maɗora suka gada kaka da kakanni. Bambancin yana wurin yadda ake ƙera shi, da inda ake tsayar da yatsan, da kuma abin da ake bari ya ci gaba da motsi.

HALITTAR YATSAN

A hannun ɗan Adam akwai ƙasusuwa 27: guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Kowane yatsa yana da ƙasusuwa uku, in ban da babban yatsa mai biyu. Amma abin da ya rasa a yawan ƙashi ya samu a gaɓar da ke gindinsa, can kusa da wuyan hannu, inda ƙashinsa ya zauna a kan wani ɗan ƙaramin ƙashi kamar yadda mahayi ke zama a kan sirdi. Wannan zama shi ya ba shi damar yin gaba, da baya, da gefe, har ya juyo ya fuskanci sauran yatsu ya taɓa kan kowannensu. Duk wani riƙo da hannu ke yi, daga na allura har na gatari, daga wannan juyowa ya samo asali.

Jijiyoyi uku ne ke kawo saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannu, su kuma koma da labarin zafi ko sanyi ko tsini. Ta tsakiya ita ke sarrafa tsokar nan mai tudu da ke gindin babban yatsa, wadda ke juyo da shi. Ta gefen ƙaramin yatsa ita ke ba shi ƙarfin matse abu, kamar riƙon mabuɗi. Ta bayan hannu kuma ita ke miƙar da shi. In ɗaya ta mutu, sai sauran su rinjayi yatsan su ja shi wajensu.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, watau ratar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Hannun da ya yi rauni yakan so ya kwantar da babban yatsa a jikin tafi, domin nan ne ya fi samun sauƙin ciwo. In aka bar shi haka makonni, fata da tsokar da ke wannan rata sai su tsuke, ta yadda ko ciwon ya warke, hannun ba zai sake buɗewa ya kama moɗa ba. Kare wannan rata shi ne abu na farko da mai ƙera karan ɗori ke sa wa a ransa.

WAƊANDA KE BUKATARSA

Na farko su ne masu targaɗe. Mutum ya faɗi daga kan babur ko keke, babban yatsa ya bankare waje, jijiyar da ta ɗaure gaɓar tsakiya daga ɓangaren manuniya ta yage. Wani likita mai suna Campbell ya bayyana irin wannan rauni a 1955 a tsakanin masu tsaron gandun farauta na ƙasar Sikotilan, waɗanda yatsunsu suka saki saboda yawan karya wuyan zomaye da hannu. In yagewar ba ta kai ƙarshe ba, riƙe yatsan na mako 4 zuwa 6 yakan wadatar. Amma a 1962 wani likitan ƙasar Suwidin, Bertil Stener, ya nuna cewa in jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, bakinta yakan maƙale a bayan wani tantani, ba kuwa za ta koma mazauninta ba sai an yi aiki. Wannan ya sa ba a fara ƙera kome sai likita ya duba tukuna.

Na biyu su ne masu ciwon gefen wuyan hannu, a daidai gindin babban yatsa. Jijiyoyi biyu masu jan yatsan suna ratsawa ta wani ɗan matsattsen kube a wurin, in kuben ya yi kauri sai kowane motsi ya zama azaba. Likitan ƙasar Suwizalan Fritz de Quervain ne ya bayyana ciwon a 1895. Ya fi kama mata, musamman masu jego, saboda yawan ɗaga jariri da hannu a buɗe. Su akan yi musu dogon kara mai haɗawa da wuyan hannu, sau da yawa tare da allurar da likita ke yi a wurin.

Na uku su ne dattawa, galibi mata da suka haura shekara 50, waɗanda gaɓar sirdin nan ta gindin yatsa ta cinye saboda shekaru da aiki. Kara ba ya mayar da gaɓar da ta cinye sabuwa, amma yana rage ciwo ƙwarai, har mutum ya ci gaba da hidimarsa. Na huɗu su ne masu ƙuna, musamman yaran da suka faɗa murhu ko ruwan zafi, domin tabon ƙuna yana ci gaba da tsukewa watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara, yana jan yatsan zuwa cikin tafi. Na biyar su ne waɗanda jijiyar saƙo ta mutu musu, ko ta hanyar saran wuƙa da yankan gilashi, ko ta hanyar cutar kuturta.

Ya kamata a bambanta wannan kara da simintin da ake sa wa karaya. Karayar ƙashi sabuwa ana naɗe ta ne da siminti wanda ba a cirewa sai ranar da likita ya sa, wata ma sai an yi aiki. Karan da ake magana a kai yana da maɗauri, ana iya cire shi a wanke hannu a motsa gaɓoɓi, a mayar.

YADDA AKE ƘERA SHI

Aikin yana farawa ne da tambaya da dubawa. Mai gyaran hannu zai karanta abin da likita ya rubuta, ya dubi hoton ƙashi in akwai, ya duba kumburi da lafiyar fata, ya gwada ko majiyyacin yana jin taɓi a kan yatsunsa. Zai kuma tambaye shi sana'arsa da hannun da ya fi aiki da shi, domin karan da ya dace da malamin makaranta ba lalle ne ya dace da maƙeri ba. Daga nan zai yanke shawara ko gajere za a yi, wanda zai tsaya a tafin hannu ya bar wuyan hannu yana motsi, ko kuwa dogo mai hawa damtsen ƙasa. Ƙa'idar da ake bi ita ce a tsare gaɓar da ke da ciwo, a saki duk wadda ba ta da shi, domin gaɓar da aka tsare ba dalili takan ƙage.

Bayan haka sai awo, kamar dai yadda tela ke yi. Ana ɗora hannun a kan takarda mai laushi, a zagaye shi da alƙalami, a sa alama a kan kowace gaɓa ta babban yatsa, da layin wuyan hannu, da layin nan na tafi da ke ƙarƙashin yatsu. In dogon kara ne, tsawonsa yakan kai kashi biyu cikin uku na tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, faɗinsa kuma ya rufe rabin kewayen hannun. Ana yanke takardar a gwada ta a jikin majiyyacin, a rage inda ya yi yawa, a ƙara inda ya gaza. Kuskuren da aka gyara a takarda ba ya cin ko kwabo, wanda aka yi a kan roba kuwa asara ce, domin kayan daga ƙasashen waje ake sayo su.

Robar da ake amfani da ita ta musamman ce, wadda ta fara yaɗuwa a asibitocin Turai da Amurka a shekarun 1960. Tana zuwa falle-falle, kaurinta daga milimita 1.6 zuwa 3.2, wata da ƙananan huji domin iska ta shiga. A sanyi tana da tauri kamar katako, amma in aka tsoma ta a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin santigiret, cikin kamar minti ɗaya sai ta yi laushi kamar jemammiyar fata. Ana zana siffar takardar a kanta, a ɗumama ta, a yanke da almakashi da dogon yanka domin bakin ya fita sumul.

Sa'an nan a sake tsoma ta, a tsamo, a shimfiɗa a kan tawul a tsane ruwan. Kafin ta taɓa majiyyaci, mai aikin zai fara ɗora ta a fatar hannunsa ya ji zafinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa daga masu zuwa ba su jin zafi a hannun, suna iya ƙonewa ba su sani ba. Wasu kan sa wa majiyyacin siririyar safa ta auduga tukuna. Inda ƙashi ya yi tsini kuma, musamman ƙashin nan na gefen wuyan hannu inda wata jijiyar ji ke wucewa dab da fata, ana manna ɗan soso kafin a ɗora robar, domin ta yi masa ɗaki. In aka bari sai an gama sa'an nan aka cusa soson, matsi za a ƙara.

Tsayar da yatsan shi ne zuciyar aikin. Majiyyaci zai kafa gwiwar hannunsa a kan tebur, a ɗan ɗaga wuyan hannu baya kamar digiri 20, a janyo babban yatsa gaba ya rabu da tafi, har kansa ya iya taɓa kan manuniya da na tsakiya ba tare da wahala ba, tamkar mai riƙe da kofin shayi. A wannan hali ne ake naɗa robar a kewaye yatsan, a bi da ita tafi da bayan hannu. Mai aikin yana da 'yan mintoci ƙalilan, uku zuwa biyar, kafin ta sandare. Da tafin hannu yake shafa ta a hankali, ba ya dannawa da kan yatsa, domin duk inda ya danna zai bar rami daga waje, tudu daga ciki, tudun nan kuwa shi zai ci fatar majiyyaci. Kafin ta gama sandarewa akan ce da majiyyacin ya ɗan jujjuya yatsan kaɗan, saboda gaɓar sama ta fi ƙasanta kauri, in kuben ya matse ba zai zaru ba.

Da ta yi tauri sai a cire a shiga gyaran baki. Ana rage ta a tafi har layin da ke ƙarƙashin yatsu ya fito fili, don yatsu huɗu su iya dunƙulewa sosai. In ciwon bai shafi gaɓar sama ta babban yatsa ba, ita ma a bar ta a waje. Ana tsoma bakin a ruwan zafi a naɗe shi waje, a zagaye kowace kusurwa, kana a manna maɗauri irin mai kama junansa kamar ƙarangiya. Ƙwararre yakan gama duk wannan cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba.

Amma ba a sallamar majiyyaci nan take. Zai sa karan ya zauna kamar minti 20 zuwa 30, sa'an nan a cire a duba fata. Duk inda aka ga ja ko shaida da ba ta ɓace ba bayan ɗan lokaci, wurin yana matsi, sai a ɗumama daidai nan a buɗa shi. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, saboda haka mai aikin yakan haɗa da shafawa, ya ji ko wurin ya yi ɗumi ko ya lotsa.

BAYAN AN KOMA GIDA

Rabin nasarar aikin yana hannun majiyyaci. Za a gaya masa lokacin sawa: wani dare da rana, wani da dare kawai, wani sai zai yi aiki mai nauyi. Za a koya masa motsa yatsun da ke waje, da gwiwar hannu da kafaɗa, da kuma ɗaga hannun sama da ƙirji in akwai kumburi. Ana wanke karan da sabulu da ruwan sanyi, a bar shi ya bushe a inuwa.

A ƙasa mai zafi irin wannan akwai gargaɗi na musamman. Abin da zafi ya tanƙwara, zafi na iya warware shi. Karan da aka bari cikin mota a rufe a watan Afrilu, ko a kan rufin kwano, ko a gefen murhu, zai narke ya canza siffa. Gumi kuma yakan taru a ciki ya jiƙa fata, shi ya sa ake son mai huji da safar auduga da za a riƙa canzawa. In kumburi ya saɓe karan ya yi yawa, ko wani wuri ya fara ciwo, asibiti za a koma a gyara. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya tsoma nasa a tukunya don ya gyara da kansa yakan ɓata tsayuwar yatsan da aka sha wahalar samu.

DARASIN KUTURTA

Babu inda wannan sana'a ta koyi darasi kamar wurin masu cutar kuturta. Tun 1873 likitan ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar, amma an daɗe ana zaton ita ce ke cinye yatsu da kanta. Likitan da ya yi fice wajen kawar da wannan zato shi ne Paul Brand, Bature ɗan Ingila da aka haifa a Indiya, wanda ya kama aiki a asibitin Vellore a 1946. Ya nuna cewa ƙwayar jijiyoyi take kashewa. Hannun da ba ya jin zafi sai ya riƙa ƙonewa, yana yankewa, miki yana ruɓa har ya kai ƙashi, da haka yatsu ke gajarcewa. A hannu, jijiyar gefen ƙaramin yatsa ce cutar ta fi kamawa, sai ta tsakiya, in kuwa ta tsakiya ta mutu, tudun gindin babban yatsa sai ya shafe, yatsan ya kwanta a jere da sauran.

Brand da abokan aikinsa sun riƙa ɗauko jijiyar tsoka mai rai, misali ɗaya daga cikin biyun da ke lanƙwasa yatsan zobe, su karkatar da ita su ɗaura a babban yatsa, har ya sake juyowa. Amma sun tarar aikin ba ya cin nasara in gaɓoɓi sun ƙage kuma ratar nan ta tsuke. Saboda haka kafin aiki akan yi makonni ana shafa mai, ana miƙar da yatsun, ana sa musu filasta ana canzawa a kai a kai, kowane canji yana ƙara buɗa ratar kaɗan. Bayan aiki kuma a tsare yatsan kamar mako 3 zuwa 4, kana a koya wa mutum amfani da sabuwar jijiyarsa. An yaɗa wannan ilmi a Afirka ta cibiyar horaswa ta ALERT da aka kafa a Adis Ababa a 1965.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan cuta. Sunayen Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Saye a Zariya, da Garkiɗa a Adamawa, da Danja kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, duk sanannu ne wajen jinyar masu ita. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna masu warkar da cutar, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su, ana sha wata 6 ko wata 12. Nijeriya ta kai matsayin da hukumar ta ɗiba na ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 a 1998, amma har yanzu ana samun sababbin kamu fiye da 1,000 kowace shekara. Magani yana kashe ƙwayar, sai dai ba ya tayar da jijiyar da ta daɗe da mutuwa. In aka zo da wuri, cikin watanni 6 na farkon raunin jijiyar, akwai maganin da kan farfaɗo da ita, karan ɗori kuma ya riƙe yatsan a inda ya dace har ta dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka abin yake ga wanda wuƙa ko gilashi ya yanke masa jijiya aka ɗinke. Jijiyar saƙo tana tsirowa ne kamar milimita 1 a yini, watau wajen inci ɗaya a wata. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa tafiyar watanni ce, in kuwa ba a riƙe yatsan ba a tsawon wannan jira, jijiyar za ta iso ta tarar da gaɓa ta riga ta ƙage.

TSAKANIN ASIBITI DA MAƊORA

Ba a musun cewa ɗorin gargajiya tsohuwar sana'a ce mai daraja, kuma a ƙauyuka da yawa maɗori ne na kusa, shi ne kuma mai sauƙin kuɗi. Hikimar tsare gaɓar da ta yi rauni da kara, tasu ce tun kafin a gina asibiti. Illar da likitocin ƙashi na ƙasar nan suka daɗe suna kuka da ita ita ce ɗaurin da ya yi tsanani. Hannun da ya yi rauni yana ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku, in ɗauri bai ba shi wuri ba sai jini ya tsaya, tsokar da ta rasa jini kuwa takan fara mutuwa cikin sa'a 6 zuwa 8. Yara da yawa sun rasa hannu ta wannan hanya a kan karayar da ba ta taka kara ta karya ba.

Alamomin haɗari ɗaya ne, ko ɗaurin na maɗori ne ko na asibiti: ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su canza launi, ko su sage mutum ya daina jinsu. Duk wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, kada kuma a ce masa ya daure ɗorin ne ke kamawa. A sassauta ɗaurin, a nufi asibiti. Illa ta biyu, wadda ba ta da hayaniya amma ta nakasa mutane da yawa, ita ce naɗe hannu duka, babban yatsa a manne da tafi, a bar shi haka wata guda.

INDA BABU ROBA

Tsadar robar ba hujja ba ce ta barin majiyyaci haka nan. Bandejin filasta, wanda likitan sojan ƙasar Holan Antonius Mathijsen ya bayyana a 1852, yana nan a kusan kowane asibiti, kuma ana ƙera kyakkyawan kara da shi, illa dai yana da nauyi kuma ba ya son ruwa. Ana amfani da siririn ƙarfen alminiyam da aka liƙa wa soso. Ana yi da bututun roba na ruwa, amma shi zafin da yake bukata ya fi ƙarfin fata, sai an zuba siffar hannun da filasta a tanƙwara shi a kanta. Ga wanda jijiya ta mutu masa, ɗan maɗaurin fata da ya zagaye wuyan hannu ya janyo yatsan gaba yakan isa, abin da kowane baduku zai iya ɗinkawa in an nuna masa awo. A 'yan shekarun nan kuma an fara ƙera karan da na'urar da ke fitar da abu daga zanen kwamfuta. Kayan aiki na canzawa, amma tsayuwar yatsan da kiyaye fata ba su canza ba.

Gyaran hannu ya zama fanni mai zaman kansa ne tun daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da likita Sterling Bunnell ya shirya wa sojojin Amurka cibiyoyi na musamman domin waɗanda suka ji rauni a hannu, a 1977 kuma masu wannan aiki a can suka kafa ƙungiyarsu. A nan gida, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yana aiki tun 1959, an kafa hukumar da ke yi wa masu gashi da takwarorinsu rajista a 1988, jami'o'i irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri kuma suna horas da ma'aikata. Duk da haka yawancin ƙwararrun a manyan birane suke, alhali kuwa manomi da makiyayi da mai sassaƙa, waɗanda hannunsu ne jarinsu, a karkara suke zaune.

Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su dubi wannan giɓi. Abin da ake bukata don fara aikin a babban asibitin ƙaramar hukuma bai wuce ma'aikaci ɗaya mai horo ba, da tasar ɗumama ruwa, da ma'aunin zafi, da almakashi mai kyau, da filasta ko 'yan fallayen roba. Haka kuma zama da sarakunan ɗori a nuna musu alamomin haɗari da irin raunin da ya kamata su tura asibiti zai ceci hannaye masu yawa. Jama'a kuma nasu shi ne gaggawa. Wanda ya faɗi babban yatsansa ya kumbura ya kasa riƙe mabuɗi, da uwar da ɗanta ya ƙone a tafin hannu, da wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa da ba ya jin taɓi, duk su je a duba su a makon farko, tun ratar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya tana buɗe.